Ba sai ƙasa ta yi arziki ba kafin ta kula da lafiyar yaranta

Masu tsara kasafin kuɗi suna yawan cewa a bari tattalin arziki ya miƙe tukuna, sannan a waiwayi asibiti da magani. Ban yarda da wannan lissafi ba, kuma binciken masana tattalin arzikin kansu bai mara masa baya ba.

Ba a musun cewa kuɗi na taimakon lafiya. Tun 1975 masanin ƙididdigar jama'a Samuel Preston ya nuna al'ummar ƙasashe masu samu sun fi tsawon rai. To amma binciken nasa ya kuma nuna mafi yawan ƙarin shekarun da aka samu daga shekarun 1930 zuwa na 1960 ba ƙaruwar kuɗin shiga ce ta kawo su ba. Rigakafi da magunguna da tsafta suna da rawar da suka taka.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne na Busia, a yammacin Kenya. A 1998 aka fara shirin raba wa yaran makarantun firamare 75 maganin tsutsar ciki, wasu makarantun suka riga wasu farawa, maganin da kuɗinsa bai kai dala ɗaya ba ga yaro a shekara. Masana tattalin arziki Edward Miguel da Michael Kremer (Kremer ya samu lambar Nobel a 2019) sun gano fashin makaranta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, har yaran makarantun da ke kusa ma sun amfana. Aka ci gaba da bibiyar yaran nan shekara 20. Waɗanda suka fi daɗewa suna shan maganin, kuɗin da suke samu a awa ɗaya ta aiki ya ɗara na sauran da kashi 13 cikin 100. Wasu masana sun ja da alƙaluman farko, kuma jayayyar ta dace. Amma ko da ribar ta gaza haka, maganin ya yi arha ƙwarai.

Mu kuwa a Najeriya, a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 na ware wa lafiya kashi 15 na kasafi. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Sama da kashi 70 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa. Manomin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi a tsakiyar damina ya rasa noma, ya sayar da akuya ya sayi magani, ɗansa kuma ya bar aji ya tafi gona. Wannan asarar ba ta cikin lissafin ma'aikatar kuɗi idan ta zo yanke kason lafiya.