Wai yaron akwai gudu, to kan fa?

Jama'a akwai wata magana da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya game da yadda muke kallon ƙwallo a ƙasar nan. Ka je duk filin unguwa ko gidan kallo, in za a yabi yaro abu biyu kawai za ka ji, "kai yaron nan akwai gudu" ko "wallahi akwai ƙashi, ba a ture shi", shikenan an gama magana. Da ƙyar ka ji an ce yaron nan yana da kai, alhali ni a ganina kan nan shi ke raba ɗan wasan da za a manta da shi bayan kaka biyu da wanda za a yi shekara 30 ana ba da labarinsa a majalisa.

Ku ɗauki Nwankwo Kanu. Duk wanda ya kalli Kanu ya san ba mai gudu ba ne, dogo ne siriri yana tafiya kamar bai damu da wasan ba, in ka haɗa shi tsere da Tijjani Babangida ɗan Kaduna ai sai dai ya hango ƙurarsa. Amma ku tuna 31 ga Yuli 1996, wasan kusa da na ƙarshe na Olamfik ɗin Atlanta, Brazil tana da 3 mu Najeriya muna da 1, a cikin 'yan Brazil akwai su Bebeto da Ronaldo da Rivaldo da Roberto Carlos, gola kuma Dida. Victor Ikpeba ya farke ɗaya a minti na 78. Sai a minti na 90 Okocha ya yi doguwar jifa cikin da'ira, aka yi cakwakiya, ƙwallo ta faɗo gaban Kanu dab da gola kuma ya juya wa raga baya. Yanzu fa ka sa kanka a wurin. Kusan kowane ɗan wasa abin da zai yi shi ne ya ɗirka mata ƙafa da ƙarfi ko ta shiga ko ta daki mutum, tunda lokaci ya ƙare kuma zuciya na bugawa. Shi kuwa sai ya ɗan ɗaga ta sama da ƙafa, ya juya, ya buga ta cikin raga kafin Dida ya gane inda aka dosa, duka abin bai fi sakan ɗaya ko biyu ba. Aka shiga ƙarin lokaci, minti 4 kacal ya sake samunta a bakin da'ira, ya yaudari mai tsaron baya ya zura da hagu, wasa ya tashi 4 da 3 saboda a lokacin ana dokar nan ta wanda ya fara ci a ƙarin lokaci shi ya yi nasara. Yana ɗan shekara 19 fa, washegari ne zai cika 20, kuma shi ne kyaftin.

In ka ce sa'a ce, to 1999 fa a gidan Chelsea? Arsenal ana cin ta 2 da nema, ruwan sama ya jiƙe fili, Kanu ya zura uku cikin minti 15 na ƙarshe. Ta ukun ita ce abin kallo, yana can dab da layin ƙarshe ta gefen hagu, gola Ed de Goey ya fito masa, ya kwantar da shi da yanka ɗaya, kowa na jiran ya ba da fasin cikin da'ira don daga wannan lungun hankali bai yarda a buga raga ba, shi kuwa ya riga ya ga su Desailly da Leboeuf sun koma bakin raga sun bar sama a buɗe, sai ya lanƙwasa ta ta saman kansu. Wannan mutumin fa an yi masa tiyatar zuciya a Amurka a 1996, watanni kaɗan bayan Atlanta, don haka kar ma wani ya kawo min zancen ƙarfin jiki.

Abin da na fahimta shi ne abin da muke ce wa saurin tunani yawanci ba a cikin sakan ɗin ake yin sa ba, tun kafin ƙwallo ta iso an gama aikin. Akwai wani farfesa ɗan ƙasar Norway, Geir Jordet, da ya ɗau shekaru yana ƙirga sau nawa ɗan wasa ke waiwaye ya duba kewayensa kafin a ba shi ƙwallo, ya tarar manyan 'yan tsakiya irin su Xavi da Lampard suna cikin masu yawan waiwayen, shi Xavi kusan sau 8 cikin sakan 10, kuma masu yawan dubawa fasin ɗinsu ya fi isa inda aka nufa. Wato lokacin da kai ɗan kallo kake cewa kai ya aka yi ya ga wancan, shi tuni ya gan shi sau uku. Haka kwanar nan ta Trent Alexander-Arnold lokacin yana Liverpool, a wasansu da Barcelona na gasar Zakarun Turai a filinsu Anfield ranar 7 ga Mayu 2019, wadda har yau 'yan Barcelona ba sa son a tuna musu (ku yi haƙuri, dole ce ta sa). Ya yi kamar zai bar wa Shaqiri bugun, ya ɗan taka ya waiwaya ya ga 'yan Barca duk sun juya baya suna shirme, ya dawo da gudu ya shimfiɗa wa Origi, 4 da nema, aka fitar da su bayan sun ci 3 a gidansu. Daga baya aka ji cewa masu nazarin wasa na Liverpool sun riga sun lura 'yan Barca na yawan shagala da ƙorafi in an tsayar da wasa, har an gaya wa yara masu ɗauko ƙwallo su riƙa miƙo ta da sauri. Kun ga ke nan dabarar ta yaro ɗan shekara 20 ce, amma an share masa hanya tun kafin ranar.

To mu kuma me muke yi? Koci na bakin fili tun daga busan farko har na ƙarshe yana ihu, "buga! cire ta! ba shi! kar ka riƙe!", yaro bai taɓa yanke shawara ɗaya da kansa ba a wasa guda, in ya gwada wata dabara ta ƙi sai zagi har da na iyaye, gobe kuma benci. Yaro mai hankali sai ya koyi cewa hanyar zaman lafiya ita ce ya ɗirka ta gaba ya huta. Tirenin kuma rabinsa zagaye fili ne da tsallen kwaɗo a rana. Ba na raina gudu fa, kar a juya min magana, Ahmed Musa ya ci abinci da gudu tun daga Kano Pillars, amma ko ƙwallonsa ta biyu a ragar Iceland a kofin duniya na 2018 gudun ya kai shi da'ira ne kawai, abin da ya ci ƙwallon shi ne da ya ƙi bugawa da wuri, ya kewaye gola, ya tsaya ya duba inda masu tsaron baya biyu suke a kan layi sannan ya zaɓi kusurwa.

Maganar shugabanci kuma nan ne muka fi kwafsawa, don mun ɗauka kyaftin shi ne wanda ya fi kowa shekaru ko ya fi kowa murya. Aikin kyaftin na gaskiya shi ne ya karanta wasa yana cikin gudana ya gane yanzu lokacin sanyaya wasa ne ko na matsawa, don koci yana can nesa kuma ba ya jin abin da ƙafafun yaransa ke ji. Har yau in na tuna wasanmu da Italiya a kofin duniya na 1994 raina ɓaci yake, Amunike ya ci mana tun kafin hutu, an ba Zola jan kati sun koma su 10, saura minti 2 a tashi Roberto Baggio ya farke, ya ƙara da fenariti a ƙarin lokaci muka tattaro kayanmu. Ƙwarewa kam muna da ita a ranar, abin da ya yi ƙaranci shi ne nutsuwar da za a kashe 'yan mintocin nan a kusurwar fili. Shekara biyu bayan haka a wasan ƙarshe na Atlanta mu ne muka yi wa Ajantina irin ta, sun fito gaba ɗaya don su kama mu da satar gida, Amunike ya karanci tarkon ya zura ta uku a minti na 90.

Kuma a bambance saurin tunani da saurin hannu ko saurin fushi, don mutanenmu na haɗa su. Zidane kaf duniya ba wanda zai ce ba shi da kai a ƙwallo, amma a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2006 a Berlin, yana kyaftin ɗin Faransa, Materazzi ya gaya masa magana ya sa masa kai a ƙirji a minti na 110, jan kati, aka je fenariti babu shi Italiya ta ɗau kofi. Shi ma ai cikin sakan ɗaya ya yanke hukunci. A wajen fili ma haka ne, matuƙin jirgin nan Sullenberger da tsuntsaye suka kashe masa injina biyu jim kaɗan da tashi daga New York a Janairun 2009, cikin ƙasa da minti 4 ya auna cewa ba zai kai filin jirgi ba ya sauke shi a kogin Hudson, mutum 155 ba wanda ya mutu, kuma ya yi hakan ne da gogewar kusan shekara 40 yana tuƙi. Mu kuwa shugabanninmu tun daga ƙungiyar unguwa har sama kashi biyu ne galibi, ko wanda ruwa zai ci gari ya ce a kafa kwamiti, ko wanda zai tashi da safe ya sanar da doka ba tare da ya waiwayi ko mutum ɗaya ba, in ta ɓaci bayan sati ya janye, kuma magoya baya su ce wai mai zafin nama ne.

Wanda har yanzu muke musu a kansa da abokai shi ne Luis Suarez ɗan Uruguay a wasan Ghana da Uruguay na kofin duniya na 2010 a Johannesburg. Minti na ƙarshe na ƙarin lokaci, ƙwallo za ta shiga, ya sa hannu ya tare a kan layi, ya karɓi jan kati, Asamoah Gyan ya buga fenariti ta daki ƙarfen sama, Ghana ta rasa zama ƙasar Afirka ta farko a wasan kusa da na ƙarshe. Wasu na cewa ƙarshen kaifin ƙwaƙwalwa ke nan tunda ya yi lissafi ya ga jan kati ya fi ƙwallo a raga sauƙi, ni dai ina ce masa wayon ɓarawo, lissafin daidai ne amma ba zan so yarona ya koya ba. A daren nan wanda ya fi burge ni Gyan ne, mutumin da ya ɓarar da fenaritin da duk Afirka ke jira, bayan 'yan mintoci da aka zo bugun raba gardama shi ya fara fitowa daga ɓangaren Ghana, ya ajiye ƙwallo a wuri guda ya zura ta a saman kusurwa. Waɗanda suka ɓarar daga baya John Mensah ne, wanda ke ɗaure da kambun kyaftin a ranar, da Dominic Adiyiah, Uruguay ta wuce da 4 da 2.