Takin da ke saiwar wake ya cancanci kulawar masu bincike a Sakkwato

Duk manomin da ya taɓa tuge wake a gonarsa ya ga 'yan ƙulle-ƙullen nan da ke manne a saiwa. Wasu ma na ɗaukarsu cuta ce. Alhali kuwa a cikinsu wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira rizobiyam ke zaune, suna zuƙo naitirojin daga iska suna mayar da shi abincin shuka. Wannan sinadarin ne muke biyan kuɗi masu yawa a kai idan mun sayi buhun yuriya, ga shi kuma kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne. In ka fasa ƙullin ka ga cikinsa ja-ja, to aiki na gudana.

Kakanninmu ba su san sunan ba, amma sun san aikin. Shi ya sa a jigawar Gwadabawa ko Illela za ka ga gero da wake a gona ɗaya, kuma manomi na ƙwarai ba ya sare gawo, wanda shi ma dangin wake ne, domin hatsin ƙarƙashinsa ya fi na gefe kyau.

Burazil ta ɗauki lamarin da gaske tun zamanin masaniyar kimiyya Johanna Döbereiner, har waken suyarta kusan ba ya buƙatar takin naitirojin. A 2025 wata masaniyar ƙasar, Mariangela Hungria, ta samu babbar lambar yabon abinci ta duniya kan wannan fanni. A nan gida, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Nodumax, hodar ƙwayoyin rizobiyam da ake shafa wa irin waken suya kafin shuka.

Abin da ke damuna shi ne, waɗannan ƙwayoyi masu rai ne, zafi na kashe su. Hodar da ta yi makonni a shagon kwano a watan Afrilun Sakkwato, me ya rage a cikinta? Manomi ya gwada bai ga komai ba, sai ya ce yaudara ce, kuma ba zan ga laifinsa ba. Saboda haka nake ganin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ce ta fi dacewa ta tace ƙwayoyin da ke cikin ƙasarmu, waɗanda suka saba da rana da fari, ta zaɓo masu ƙwazo ga wake da gyaɗa.

Sai kuma fosforas, wani sinadarin abincin shuka. Ƙasar gonakinmu na da ƙarancinsa, kuma idan babu shi ƙulle-ƙullen ba sa yin ƙarfi, ga duwatsun fosfet, masu ɗauke da shi, kwance a jihar nan.

Masana a Jami'ar Kembirij ta Ingila na ƙoƙarin sa hatsi ya riƙa yin abin da wake ke yi. Allah ya ba su sa'a, amma da saura. Kafin nan, malaman gona su tuna wa manomi cewa idan ya kwashe harawa kaf ya sayar, yawancin takin ya bi ta kasuwa, sai fa idan kashin dabbobin da suka ci ta ya dawo gonar.