Sun sayar da filinmu, yanzu a ina za mu taru?

Wallahi raina a ɓace yake. Filin da ke bakin unguwarmu a Kano, wanda muka tashi muka tarar, rana ɗaya aka wayi gari an kewaye shi da kwano. Kafin sati biyu tifa ta fara juye yashi. Yau shaguna ne a jere da gidan biki mai ƙofar ƙarfe. Ba wanda ya tuntuɓe mu. Da muka je ofishin da abin ya shafa, yini muka yi a kan benci, can wani ya leƙo ya ce, "Oga ya fita, ku rubuto."

Masu cewa ai filin ƙwallo ne kawai ba su san abin da aka raba mu da shi ba. A gindin darbejiyar wurin muka taɓa titsiye kansilanmu kan maganar kwata, dattawa a kan tabarma, matasa a tsaye, mata daga bakin ƙofa suna jefo tasu. Sai da ya yi gumi, kuma aka yashe kwatar. A nan ake ajiye akwatin zaɓe, a ƙirga ƙuri'a kowa na gani. Darbejiyar ma sun sare ta.

Watan jiya aka kira taron jin ra'ayin jama'a, amma a ɗakin taro na otal. Na raka wani dattijon maƙwabcinmu, ya ci ado da farar rigarsa, ƙorafinsa a rubuce cikin aljihu. Mai gadi ya tare mu: "Baba, ina katin gayyata?" Haka muka juyo a Adaidaita. Wace jama'a aka ji ra'ayinta?

A garin nan fa aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, kuma da lacca a fili ta wayar wa talaka kai, duk da kamun 'yan doka. Gidan jagoranta Malam Aminu Kano na Gwammaja, lokacin yana raye, sallama kawai talaka yake yi a saurare shi. Yanzu wanda ka zaɓa yana bayan katanga mai waya, badalar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu ana ta cinye ta da gini, Filin Idi kansa sai da aka yi masa shaguna, aka zo aka rushe su a 2023, 'yan kasuwa suka tafka asara.

Mun sa ranar Asabar bayan la'asar za mu zauna kan maganar. A kan titi za mu shimfiɗa tabarmi, gaban shagunan, don nan kaɗai ya rage mana.