Sabon Maganin Gigin Tsufa da Halin da Tsofaffinmu Ke Ciki a Kaduna

A watan Yulin 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da cikakken izinin amfani da lecanemab, maganin da kamfanonin Eisai da Biogen suka haɗa domin masu cutar Alzaima, wadda ita ce kan gaba a cikin cututtukan da mu Hausawa muke tattarawa mu kira gigin tsufa. Aikinsa shi ne share wani sinadari mai suna amiloid da ke taruwa a ƙwaƙwalwa. An gwada shi a kan mutum 1,795 na tsawon wata 18, aka ga ya rage saurin taɓarɓarewar tunani da kashi 27 cikin ɗari. Ba ya warkarwa, ba ya dawo da abin da aka manta. Jinkirta ciwon kawai yake yi, shi ma sai ga wanda aka gano nasa da wuri.

Na yi murna da wannan ci gaba, amma murnata ragaggiya ce. Lokacin da maganin ya fito a 2023, kuɗinsa a Amurka dala 26,500 ne a shekara, ta ƙarin ruwa aka fara ba da shi duk mako biyu, kuma dole a riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'urar MRI domin yana iya jawo kumburi ko ɗigar jini a cikinta. Ko a Ingila, inda aka amince da shi a 2024, hukumar da ke auna tsadar magani ta ce amfaninsa bai kai kuɗinsa ba.

Mu a nan matsalarmu ta riga maganin. Tsohuwa a Tudun Wada ko Rigasa za ta fara ɓata hanyar gida, ta kira jikarta da sunan ƙanwarta da ta rasu, sai a ce tsufa ne, wani ya ce sammu ne, a wasu gidajen ma a jefe ta da maita, abin da ya fi komai ƙona mini rai. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa, amma kunya na hana iyalai zuwa, wai kada a ce an kai Hajiya gidan mahaukata.

Abin da nake nema daga hukumomin lafiya na jihar bai kai tsadar lecanemab ba: a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane alamomin farko, a kuma dage da awon hawan jini da ciwon suga, tunda likitoci sun tabbatar cewa barin su babu kulawa yana cikin abubuwan da ke lalata ƙwaƙwalwar mutum idan shekaru suka ja.