Allon gargaɗi ya kamata ya fara tun daga nesa

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wani haɗarin mota da aka yi a wurin gyaran titi, inda hannu biyu ya koma ɗaya. Ana ta zargin direba da gudu, amma a duba yadda ake kafa alamomin ma.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 duk daƙiƙa. Idan allon farko yana bakin shingen, kafin direba ya karanta ya taka birki ya riga ya iso, balle tirela mai lodi. A babbar hanya, allon “ana aiki” ya tsaya kamar mita 500 kafin wurin, na rage gudu ya biyo, sannan mai nuna hannun da zai ƙare. Robobin nan masu tsini a jera su a karkace, su ci sama da mita 200, motoci su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. Tare hanya kwatsam da ganguna da duwatsu shi ke kashe mutane.

Da dare kuwa, allon da ƙurar hunturu ta rufe ba ya ƙyalli a hasken fitila, sai an goge shi. In aiki ya ƙare a kwashe allunan, don direbobi kada su saba raina su.