Ƙarfen Alhaji Da Ya Ƙi Cinyewa

(An ɗago jirgin Alhaji Marowaci daga teku bayan shekara 3 yana jiƙe a ruwan gishiri. Makaniki na tsugune ƙarƙashinsa da tocila. Dolo, yaron Alhaji, na rungume da gwangwanin fenti.)

ALHAJI: Malam Makaniki, ɗaga kai ka ga iya adana kaya. Dunƙulen tutiyar nan da ka ɗaura min, shekara 3 ke nan, ko ƙwarzane babu. Maƙwabcina kuwa duk wata 6 sai ya sauya nasa. Almubazzari!

MAKANIKI: Alhaji, wannan dunƙulen da muke kira anod, wa ya shafa masa fenti?

DOLO: Ni ne, oga! Shafi uku na yi masa. Alhaji ya ce ko ɗigon ruwa kada ya taɓa shi.

MAKANIKI: Innalillahi. Alhaji, taso ka ga farfelarka.

ALHAJI: Kai! Me ya sa ta yi ja haka? Ga gefenta kamar ɓera ya kwana yana gaigaya. Dolo!

DOLO: Wallahi ba ni ba ne. Ina zargin kifi.

MAKANIKI: Ba ruwan kifi. Duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu cikin ruwan gishiri, batir ka haɗa ba ka sani ba. Lantarki kaɗan-kaɗan zai riƙa gudana tsakaninsu, mai rauni a cikinsu shi ke narkewa. Sandar da ke juya farfelar nan ƙarfe ne marar tsatsa, ita kuma farfelar haɗin jan ƙarfe ce da tutiya. Shi ya sa muke ɗaura dunƙulen tutiya zalla, wanda ya fi su duka rauni, domin ruwa ya ci shi ya ƙyale sauran. Ƙarfen fansa ke nan.

ALHAJI: To, janta fa?

MAKANIKI: Ka hana ruwa tutiyar da aka ajiye masa, sai ya shiga cikin farfela ya zaƙulo wadda ke jikinta. Jan ƙarfen da ya saura ne kake gani, kuma ya yi rauni. Ƙwanƙwasa ka ji, ko amo ba ta yi.

ALHAJI: Tsaya in fahimta. Wato in zaro kuɗina in sayi abu, in kai wa teku ya cinye, in koma in sayo wani?

MAKANIKI: Kamar sabulu ne, ranka ya daɗe. Wanda ka ga bai ragu ba, ba a yi wanka da shi ba.

DOLO: Shi ya sa nawa yake daɗewa.

ALHAJI: Rufe min baki! Malam, wannan duk dabararku ce ta 'yan zamani, ku sayar da kaya.

MAKANIKI: Zamanin ya kwana biyu. Tun 1824 masanin kimiyya Humphry Davy ya gwada haka a Ingila. Jan ƙarfen da ake lulluɓe ƙasan jiragen sojan ruwa da shi ne ke cinyewa, sai ya manna masa guntayen tutiya da baƙin ƙarfe, cin ya koma kansu.

ALHAJI: Allah sarki. Bai bar ragowa ba? Na hannu ma ina so.

MAKANIKI: Sabo za ka sa. In ya kai rabi, a sauya.

ALHAJI: Rabi? Sauran rabin fa, wa na bar wa gado?

MAKANIKI: In ya ƙanƙance ba ya iya ɗaukar nauyin aikin, wani lokaci ma ya kwance ya faɗa ruwa. Kuma wurin da za a ɗaura shi sai an kankare tas, ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Ba fenti, ba giris.

ALHAJI: Na samu mafita. Dolo, gobe mu mai da jirgin tafki. Ba gishiri, ba asara.

MAKANIKI: Can ma akwai ci, sai dai a hankali. Kuma tutiya a ruwan daɗi wani farin ɓawo take yi, ta kwanta barci. Magniziyam ake sawa a can. Shi kuma in ka kawo shi teku, kafin ka ce kwabo ya narke. Na alminiyum yana aiki a teku da inda kogi ke gauraya da teku. Kada kuma ka cakuɗa su a jirgi ɗaya.

DOLO: Oga, ni na wane ruwa ne?

MAKANIKI: Kai na tudu ne. Alhaji, wannan wayar da ta fito daga jirginka, ina ta nufa?

ALHAJI: (yana kallon sama) Wace waya?

DOLO: Ta soket ɗin maƙwabci ce. Da dare nake jonawa.

MAKANIKI: Yanzu na gane. Wayar ƙasa, wato wayar tsaro ta wutar da ake jawowa daga gaɓa, tana haɗa ƙarafan jirgi da na jirgi. Naka anod ɗin yana barci cikin fenti, nasa ne yake gadin jirage biyu. Shi ya sa yake ƙare masa a wata 6. Ba don shi ba, da farfelar nan ta daɗe a ƙasan teku.

ALHAJI: (ya washe baki) Allahu Akbar! Ashe bawan Allah ne, nake ce masa almubazzari. Dolo, mai da jirgi ruwa, a bar komai yadda yake.

MAKANIKI: Ka makara. Jiya na sa masa na'urar katse wannan ƙaramin lantarkin a kan wayarsa ta ƙasa. Wutar tsaro za ta wuce, na sata ba zai wuce ba.

ALHAJI: Kai ka sa? Da hannunka? Maci amana! (ya yi shiru, ya shafa aljihu) To, kawo sabon. Ƙarami. Mafi ƙanƙanta.

DOLO: (ya tsoma buroshi) Alhaji, wannan karon shuɗi ko kore?