Manyan bairos na teku: ƙirga su ba shi ne sanin su ba

Duk lokacin da aka ba da labarin gano manyan ƙwayoyin bairos a teku, tambayar da ke fara zuwa bakin mutane ita ce ko za su kama ɗan Adam. Waɗanda aka zaƙulo daga teku, amiba suke kamawa da ƙananan gansakuka da sauran halittu masu ƙwayar jiki ɗaya tal. Gaskiya ne suna da dangantaka ta nesa da bairos ɗin agana, amma kowa da abin da yake ci. Tambayar da ta fi cancanta ita ce: wace halitta kowannensu yake kashewa, kuma me mutuwarta ke haifarwa a cikin ruwa? A nan ne binciken ya fi rauni, kuma a nan ya kamata a zuba kuɗi da ƙarfi.

Sai mu fara da dalilin da ya sa suka ɓoye fiye da shekara 100. Tun gwajin Dmitri Ivanovsky na 1892 kan cutar ganyen taba, aka ɗauki bairos a matsayin abin da ke ratsa matata ya wuce, bakteriya kuma ta maƙale. Har yau matatar da aka saba amfani da ita ramukanta maikiromita 0.2 ne, maikiromita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Mai bincike zai ɗebo ruwan teku, ya tace, ya riƙe abin da ya wuce a matsayin rabon bairos, ya ajiye abin da ya maƙale a gefen bakteriya. To Mimivirus, idan aka haɗa da gashin da ya lulluɓe shi, ya kai kusan maikiromita 0.75. Ta ina zai wuce? Ma'aunin da aka ƙirƙira don kama bairos shi ne ya riƙa fitar da manyansu daga lissafi.

Shi kansa Mimivirus ba a teku aka fara samunsa ba. A 1992 aka ɗebo shi daga ruwan wata hasumiyar sanyaya ruwa a Bradford ta Ingila, aka gan shi ƙarara a madubin ƙara girma na yau da kullum, aka ɗauka bakteriya ce. Sai a 2003 ƙungiyar Didier Raoult da Bernard La Scola a Marseille ta Faransa ta tabbatar bairos ne. Kundin gadonsa, wato dukkan bayanan halittarsa da ke rubuce a cikin sinadarin DNA, haruffa kimanin miliyan 1.2 ne, da ƙwayoyin gado kusan 1,000, alhali bairos ɗin HIV 9 kacal gare shi. Daga nan ido ya koma teku. Aka samo Megavirus a gaɓar Chile, aka bayyana shi a 2011. A 2013 Jean-Michel Claverie da Chantal Abergel suka fito da Pandoravirus salinus daga taɓon gaɓar ƙasar, tsawonsa maikiromita 1, haruffansa kusan miliyan 2.5, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin gadonsa ba su yi kama da komai da aka sani a lokacin ba. A 2018 aka bayyana Tupanvirus mai jela a Brazil, ɗaya daga cikin nau'o'insa biyu daga taɓon teku mai zurfin mita 3,000.

Duk waɗannan huɗun da tarko iri ɗaya aka kama su, wato amiba ta jinsin Acanthamoeba. Ana rainon amiba a cikin faranti, a zuba mata samfurin ruwa ko taɓo, a sa maganin kashe bakteriya da naman gwari don kada su mamaye farantin, sannan a zuba ido na 'yan kwanaki. Idan akwai bairos, amibar da ke shimfiɗe a gindin faranti za ta dunƙule, ta saki gindin, ta fashe. Sai a tsarma ruwan sau da yawa har a ware nau'i ɗaya, a kai shi madubin ƙara girma na lantarki. Hanyar tana aiki, amma ba ta kamo komai sai abin da ke iya cin wannan amibar. An zaɓe ta ne don sauƙin rainonta, ba don ita ce ta cika teku ba.

Hanya ta biyu ita ke tashe yanzu. A tattara duk DNA ɗin da ke cikin ruwa, a karanta shi gutsure-gutsure, kwamfuta ta harhaɗa, sannan a nemi alamomin wannan dangi, kamar ƙwayar gadon da ke gina ɓawon bairos da wadda ke kwafar DNA. Samfuran da jirgin Tara ya tattaro daga tekunan duniya tsakanin 2009 da 2013 sun ciyar da wannan aiki gaba ƙwarai, an samu kundayen gado dubbai. Sai dai kwamfuta na iya liƙa gutsuren bairos biyu ta mayar da su ɗaya, ko ta cusa DNA ɗin mai masauki, wato halittar da bairos ya kama, a cikin na bairos ɗin, kuma da yake waɗannan bairos suna yawan ɗaukar ƙwayoyin gado daga halittun da suke kamawa, rarrabewar ba ta da sauƙi. Mafi muni, kundin gado shi kaɗai ba ya faɗin wanda bairos ke ci, hasashe kawai ake yi.

Abin da ake samu idan an san mai masauki ya isa hujja. Gansakukar Emiliania huxleyi takan yi ambaliya, wato ta hayayyafa ta cika ruwa, har tauraron ɗan Adam ya hango ruwan ya yi fari-fari kamar madara, saboda ɓawon allin da ke jikinta. Bairos ɗinta, EhV, yakan wargaza ambaliyar cikin kwanaki. Da yake ana iya rainon su biyun tare, an gano cewa bairos ɗin yana ɗauke da ƙwayoyin gado na haɗa wani nau'in kitse da ke taka rawa wajen mutuwar gansakukar. Haka CroV, wanda aka samo a ruwan gaɓar Texas, yana kama wata ƙaramar halitta mai cin bakteriya, shi ma kuma akwai ƙaramin bairos mai suna Mavirus da ke rayuwa a kansa, yana rage masa ƙarfi, har mai masaukin ya samu sauƙi. Babu yadda jerin haruffa a kwamfuta zai nuna wannan dambarwa ta ɓangare uku.

Kuma lamarin ba ƙarami ba ne, domin ƙananan gansakukan teku ne ke samar da kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya. Idan bairos ya fasa su, sinadarin kabon da ke jikinsu ko dai ya narke a saman ruwa bakteriya su cinye, ko ya dunƙule ya nutse ƙasa. Masu lissafin sauyin yanayi suna bukatar sanin wanne ya fi yawa, a ina, a wane lokaci na shekara.

Masu goyon bayan hanyar kwamfuta za su ce ta fi sauri da araha, kuma yawancin halittun teku sun ƙi rainuwa a faranti. Gaskiyarsu ce. Amma wannan dalili ne na ƙara tallafa wa masu aikin rainon, waɗanda kan shafe watanni suna gwada gishiri da haske da zafin ruwa kafin gansakuka ɗaya ta yarda ta rayu a ɗakin gwaji. Masu ba da tallafin bincike su ware musu kaso na dindindin, mujallu kuma su riƙa neman duk mai sanar da sababbin bairos ya bayyana nawa ne daga ciki aka san abin da suke kamawa.